Baƙo ya zo kallon giwa a Yankari, mu mene ne rabonmu?

Jama'ar Mainamaji, Duguri, Pali, Gwana da sauran garuruwan da ke kewaye da dajin Yankari, assalamu alaikum.

A aikina na malamin gona, kukan da na fi ji a bakinku shi ne na giwa, kuma kuna da gaskiya. Mutum ya sha wahalar damina, masara ta yi goyo, dare ɗaya garke ya shiga, abin da bai ci ba ya tattake. Gari na wayewa sai ga motoci daga Bauchi, Jos ko Abuja suna wucewa zuwa Wikki, baƙi za su je wanka a ruwan ɗumi su ɗauki hoton giwar da ta yi ɓarnar. Duk wanda ya ce wa wannan manomi ya yi haƙuri kawai, bai yi masa adalci ba.

Tun 1956 aka keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Hannaye sun yi ta sauyawa, amma maƙwabtan dajin su ne dai ku. Garken giwayen nan yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, shi ne kuma ke jawo baƙi. Tunda ku ke ɗaukar nauyinsa, ya kamata kuɗin baƙon ya riƙa tsayawa a ƙofarku.

Ku fara da zuma. Giwa tana tsoron ƙudan zuma, don yana harbinta a cikin hanci da gefen ido, inda fatar ba ta da kauri. Manoma a Kenya sun gwada jera amya a bakin gona, suka haɗa su da waya, ta yadda giwa na taɓa wayar amyar za ta girgiza, ƙudan ya fito. Ba kowace giwa wannan shinge ke hanawa ba, amma yana rage shiga sosai. Ga shi kuma zumar kanta kaya ce da baƙon birni ke nema ido rufe, muddin an tace ta, an zuba a kwalba mai tsabta, ba a haɗa ta da sukari ba. Hayaƙin barkono da aka cuɗa da kashin shanu ma yana taimakawa da dare.

Mata suna da tabarma, faifai, ƙuli-ƙuli da daddawa. Samarin da suka san sawun ɓauna da na gwanki, suka san hanyar kogin Gaji, iliminsu abin biya ne idan sun zama 'yan rakiya. Sai dai mutum ɗaya ba ya samun wannan. Ku kafa ƙungiya, ku bi ta hannun dagaci da hakimi, ku nemi hukumar dajin ta ba ku wurin baje koli kusa da ƙofar shiga, ta kuma riƙa sa 'ya'yanku gaba in za a ɗauki aiki.

Akwai abin da ke wuyanmu mu ma. Cinna wa daji wuta da rani, ɗana tarkon waya, kora shanu ciki, duk suna korar namun da baƙo ya biya kuɗi ya gani. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne zuba guba a mushe don ramuwa: zaki ya ci, kura ta ci, ungulu ta ci, wani lokaci har karen gida.

Idan giwa ta shiga gonarka, kada ka tunkare ta, musamman mai ɗa. Da safe ka ɗauki hoton ɓarnar da wayarka, ka sanar da mai unguwa da ma'aikatan daji a ranar, ƙungiya kuma ta rubuta sunan mai gona, kwanan wata da abin da aka shuka. Da wannan rubutun za ku zauna da hukuma ku yi maganar haƙƙinku.