Mary Quant

Mary Quant (1930–2023) mai zayyana tufafi ce 'yar Birtaniya da ta yi tashe a Landan a shekarun 1960. An haife ta ranar 11 ga Fabrairu 1930 a unguwar Blackheath, iyayenta malaman makaranta ne 'yan asalin Wales. Zane ta karanta a Kwalejin Goldsmiths, daga nan ta yi zaman koyon sana'a a wurin wani mai ɗinkin huluna.

A 1955 ta buɗe shagon tufafi mai suna Bazaar a titin King's Road da ke unguwar Chelsea a Landan, tare da Archie McNair da Alexander Plunket Greene, wanda ta aura a 1957. Da farko sari take yi ta sayar. Da ta rasa irin kayan da take so wa 'yan mata a kasuwa, sai ta shiga ajin dare na koyon yanka, ta riƙa sayen samfuran takarda na kanti, waɗanda ake bi wajen yanka yadi, tana gyara su. Jarin kaɗan ne: cinikin yau shi ke sayen yadi, a kwana ana ɗinki, da safe a rataye a shago. Tsarin yana da wahala, amma ya sa kullum mai saye yana tarar da sabon abu.

Gajeren siket ne ya fi yaɗa sunanta, ko da yake ana jayayya kan wanda ya fara shi, domin mai zayyana tufafi André Courrèges na Faransa ma ya fito da irinsa a lokacin. Abin da babu gardama a kai shi ne ta gane cewa siket ɗin ba ya tafiya da tsohuwar safar mata mai maɗauri a cinya, don maɗaurin zai bayyana. Shi ya sa ta tura safa mai haɗe da wando, launi-launi, zuwa kasuwa. Ta kuma fi son yadin jesi mai miƙewa, wanda mace za ta yi gudun kama bas da shi ba tare da takura ba.

Gwajinta da roba mai sheƙi ta PVC a 1963 ya ba da wuya. Robar tana manne wa ƙafar keken ɗinki, ramukan allura kuma sukan zama layin da take yagewa. Oda ta yi yawa, amma sai da aka kai 1965, bayan haɗa gwiwa da kamfanin rigunan ruwa na Alligator, aka iya ɗinka rigunan robar da yawa.

Inda ta fi tasiri shi ne farashi. Yarjejeniyarta da kantunan J.C. Penney na Amurka a 1962, da jerin tufafinta masu rahusa mai suna Ginger Group na 1963, sun kai ɗinkinta hannun ma'aikaciyar ofis mai ƙaramin albashi. A 1966 ta ƙara da kayan kwalliya masu tambarin fure mai kunnuwa biyar, kuma a shekarar aka ba ta lambar yabo ta Birtaniya, OBE.

Ta sauka daga shugabancin kamfaninta a 2000 bayan 'yan kasuwar Japan sun saye shi. An ba ta muƙamin Dame, lakabin girmamawa da masarautar Birtaniya ke ba mata, a 2015, gidan tarihi na Victoria and Albert ya baje kolin ayyukanta a 2019. Ta rasu ranar 13 ga Afrilu 2023 tana da shekara 93.