Mi ake nufi in an ce tayoyin ƙaramin jirgi sun ƙi fitowa?

Duk sadda labari ya fito cewa wani ƙaramin jirgi na shata ko na wani attajiri ya yi saukar gaggawa don tayoyi sun ƙi fitowa, sai ka ga guruf na WhatsApp a Sakkwato sun rikice, wanga na salati wancan na cewa jirgi ya faɗi. Ba laifin mutane ba ne, garin da ya rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a hatsarin jirgin ADC na 29 ga Oktoba 2006 dole gabanshi ya riƙa faɗuwa da kowane labarin jirgi, Allah shi jiƙansu. Amma wancan iska ce mai ƙarfi ta same shi jim kaɗan da tashi daga Abuja, ba ruwanshi da taya.

Abin da matuƙa ke ce ma landin giya ba tayar kaɗai ba ce, duk ƙafar ce baki ɗaya, ƙarfen da ke riƙe da taya, da abin shanye jijjiga, da birki, da makullin da ke hana ƙafar lanƙwashewa. Ƙananan jirage iri biyu ne a nan. Akwai masu ƙafa a kafe kamar Cessna 172, ita kullum tayoyinta na waje, don haka ba maganar sun ƙi fitowa, sai dai taya ta fashe ko ƙafar gaba ta karye in an buga ta da ƙarfi wurin sauka. Sai masu naɗe ƙafa cikin ciki bayan sun tashi, irin su Beechcraft Bonanza da Piper Arrow da King Air, ana haka ne don iska ta rage ja, jirgi ya ƙara gudu ya rage shan mai. To su ne ke wanga rikici.

Gaban matuƙi akwai ɗan maɓalli da kai kamar taya, in ya ja shi ƙasa sai ɗan injin lantarki ko famfon haidirolik mai aiki da matsin mai ya turo ƙafafun, in kowace ta fito ta kulle sai fitilu kore su kama, galibi guda uku, ɗaya ta gaba biyu na gefe. Biyu sunka kama ɗaya ta ƙi, to an shiga zance. Ko man haidirolik ya tsiyaye, ko fis ya yanke, ko batir ya mutu, ko wani ƙarfe ya cije don an daɗe ba a sa mishi giris ba, ko kuma ƙafar lafiya lau take ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone. Wanga na ƙarshe ba abin raini ba ne, a Disamba 1972 wani babban jirgin Eastern Air Lines ya faɗa fadama kusa da Miami a Amurka, mutum 101 sunka mutu, matuƙan duk sun duƙufa kan fitilar ƙafar gaba da ta ƙi kamawa ba wanda ya lura jirgin na yin ƙasa, alhali ƙafar ta fito ta kulle tun tuni.

Shi ya sa ake koya ma matuƙi ya fara tashi sama ya natsu tukuna. Kuma kowane jirgi na da hanya ta biyu ta fito da ƙafafun, Bonanza akwai hannu bayan kujera da za ka yi ta juyawa kusan sau 50, wasu Cessna masu naɗe ƙafa famfon hannu ne, Piper Arrow kuwa sakin man ake ƙafafun su faɗo da nauyinsu. Wani lokaci matuƙi ya ratso ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiya masu kula da zirga-zirga su duba mishi da ido, ko da yake su iyaka su ce ta fito, kullewa ba a ganinta daga nesa.

In duk an yi ta ƙi, sai saukar ciki. Ƙananan jirage ba su da wurin zubar da mai, shawagi za ka ga shina yi yana ƙone man, mutane na ƙasa na cewa ya rasa hanya, a'a lokaci yake ba motocin kashe gobara su shirya. Dab da ƙasa matuƙi ya kashe mai da wuta, a ɗan buɗe ƙofa don kada ta cije, ya aza cikin jirgin kan kwalta a hankali. Ƙara ce kamar ana jan kwanon rufi kan titi, ga tartsatsi, sai ya tsaya cikin ɗan taƙi. Kwaltar ma an fi son ta da ciyawa, ƙasa na iya kama wani sashe ta juya jirgin. Mafi yawan lokuta kowa na fitowa da ƙafarshi.

Abin da ba a cika faɗi ba, da yawa daga irin wagga sauka ba lalacewa ba ce, mantuwa ce. Ƙafa lafiya, matuƙi ya shagala da rediyo ko hirar fasinja ko hazon hunturu ya hana shi ganin titin, ga ƙararrawa na kuka cikin kunnenshi amma bai ji ba. Ni a ganina in anka ce matsalar taya a labarai kada a yi saurin zagin makanikai, a jira rahoton hukumar NSIB mai binciken hatsari, ita ke ɗaga jirgin kan jak ta gwada ƙafafun ta ga ko suna aiki.

Mai jirgi dai shi ke shan wuya, farfela ta taɓa ƙasa ta lanƙwashe, kuma ƙa'ida in haka ta faru sai an kwance injin an duba cikinshi ko da ya tashi lafiya, ga fatar ciki da ta goge, ga kayan gyara sai an yo oda da dala, jirgi na iya share watanni a ajiye.