Fita da iyali ganin tsofaffin fadoji da coci-coci a Ingila: tambayoyi da amsoshi

Masu zuwa Ingila karatu ko hutu sukan gaji da zagayen kantuna, su fara cigiyar inda za a kai yara su ga abin tarihi. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Ba duk tsofaffin gidaje ba ne? Ina bambancinsu?

Akwai fadojin yaƙi, masu ganuwa da hasumiya, wasu har da gwalalo. Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa harsashin Hasumiyar Landan da fadojin Windsor da Warwick. Wanda ya san badalar Kano da ƙofofinta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai gidajen masu sarauta da attajirai na karkara, waɗanda aka gina don jin daɗi da nuna isa: manyan tagogi, lambu, tafki. Irinsu ne Blenheim kusa da Oxford, inda aka haifi Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, a 1874. Na uku su ne coci-coci, tun daga ta ƙauye har zuwa Westminster Abbey, inda aka naɗa Sarki Charles na III a Mayun 2023.

Da wanne za a fara?

In yaran ƙanana ne, a fara da fadar yaƙi. A Hasumiyar Landan za su ga hankakin da ake kiwo, waɗanda ba a bari su gaza shida, don an camfa cewa ranar da suka tashi masarauta za ta faɗi. Can kuma ake ajiye kayan sarauta, har da sandar da ke ɗauke da lu'ulu'un Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Windsor tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa daga tashar Waterloo, amma a duba rana, don sukan rufe Talata da Laraba.

Shawarata ita ce wuri ɗaya a yini. Na taɓa haɗa biyu. Kafin la'asar autarmu ta zauna daɓas a tsakiyar matakala ta ce ko taku ɗaya ba za ta ƙara ba, ga layin mutane a bayanmu. Goyonta aka yi har mota.

Kuɗin shiga fa?

Manyan wuraren da tsada, musamman ga mai 'ya'ya huɗu ko biyar. Wanda zai daɗe a ƙasar ya yanki katin shekara na National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi da aka kafa a 1895, ko na takwararta English Heritage mai kula da wurare sama da 400. Sai dai katin bai aiki a Windsor ko Hasumiyar Landan ko Warwick ko Blenheim, kowanne da masu shi. A watan Satumba kuma akwai ranakun Heritage Open Days, da ake buɗe wurare da dama kyauta.

Me yaro zai gani a gidan attajiri in ban da kujeru da hotuna?

Gaskiya ɗakunan sama sukan gundure su. Igiya aka gitta, ba taɓawa, ba zama, kuma galibi ba a shiga da keken jarirai. Ku sauka ƙasa, ɓangaren barori. Nan za a ga kicin da tukwanen tagulla jere a bango, da murhun da zai gasa rago sukutum. A wasu gidajen akwai layin ƙararrawa a saman bango, kowace da sunan ɗaki a ƙarƙashinta: uwargida ta ja igiya daga sama, yarinyar aiki ta ɗaga kai ta ga wacce ke kaɗawa, ta ruga. Yara sukan tsaya nan fiye da ko'ina, tambaya kuwa sai ka ce sun isa.

Wanda ya ɗan tasa kuma a nuna masa inda dukiyar ta fito. Gidan Harewood da ke kusa da Leeds, wanda Edwin Lascelles ya gina tsakanin 1759 da 1771, da kuɗin gonakin rake na tsibiran Karibiyan aka yi shi, gonakin da bayi 'yan Afirka suka noma. Masu gidan ba sa ɓoye wannan yanzu. A 2020 National Trust ta fitar da rahoto kan wurarenta 93 masu alaƙa da bauta ko mulkin mallaka, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Ni dai na fi son ɗana ya ji wannan yana tsaye cikin falon da gumin mutanen ya gina.

Musulmi zai shiga coci don kallo?

Malamai sun yi saɓani, musamman saboda hotuna da mutum-mutumi da ke ciki, don haka kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Wanda ya ga zai shiga, ya san al'adarsu ta saɓa da tamu: ba a cire takalmi, namiji ne kan cire hula, mace kuwa ba mai cewa ta taɓa hijabinta. A rage murya, a kuma kauce wa lokacin ibadarsu. Cocin St George da ke cikin fadar Windsor, inda aka binne Sarauniya Elizabeth ta II a Satumban 2022, ba ta karɓar 'yan kallo ranar Lahadi. A York Minster, babbar cocin birnin York, akwai hawan hasumiya mai matakala 275, ba a barin yaron da bai kai shekara 8 ba.

Abinci da salla?

A taho da guzuri daga gida. Shagunan cikin wuraren nan da tsada, kuma naman alade ya yi yawa a abincinsu. Dambun nama, ƙwai, burodi da filas ɗin shayi sun wadatar, a shimfiɗa a lambu inda aka yarda. A saka 'yar darduma a jaka, in lokaci ya yi a tambayi ma'aikaci kusurwar da ba hayaniya. Rigar ruwa kuwa dole ce ko da gari ya waye da rana. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu, gidajen karkara da yawa ma a rufe suke sai Maris, saboda haka a bar wannan fita zuwa tsakanin Afrilu da Satumba.