Waiwaye: Yadda Muka Bar Kwalekwale Muka Koma Bakin Tasha

Tunda maganar nan ta taso ta wasu samari da ke son su tuƙa kwalekwale daga Badagry har Epe a jihar Ikko, su bi tsohuwar hanyar fatauci, majalisarmu a Agege ba ta huta ba. Wasu na cewa ganganci ne, wasu kuma wai me ya haɗa Bahaushe da ruwa, ai mu mutanen tudu ne. Wannan ta biyun ita ke min ciwo wallahi, don ba haka abin yake ba.

Kowa dai ya san farkon labarin. Fatake na ɗauko goro daga Gwanja a kan jakuna, su yi watanni kafin su ga Kano. Bayan Turawa sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, ga kuma yaƙin da aka yi a Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, a 1892, sai hanyar ta rikice, goro ya koma bin jirgin ruwa ta teku zuwa Ikko. Daga nan fa kwalekwale ne ke aiki, a loda huhuna a tsallaka ruwa zuwa Ikorodu ko kasuwar Ejinrin kusa da Epe, sannan a kama ƙasa har bakin Kwara inda Nufawa ke yin fito. Wato kakanninmu sun san iskar ruwan nan, sun san lokacin da ake tashi da lokacin da ake haƙura a kwana a gaɓa.

In aka tambayi me ya kashe hanyar sai kowa ya ce jirgin ƙasa, tunda ya kai Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma ana tashi daga Ikko har Kano. Gaskiya ne, amma ni a ganina ba shi kaɗai ba ne, akwai abin da ba a cika faɗa ba.

Goron ne da kansa ya yi ƙaura. A farkon ƙarni na 20 manoman Yarbawa suka fara dasa irin goron Gwanja a yankin Agege da Ota, daga baya har Shagamu, shi ya sa har yau suke ce masa gbanja. To ka duba fa, gona tana nan, tasha tana nan kusa da ita, ɗan kasuwa ya sayi goro ɗanye, a wanke, a naɗe da ganye, a ɗora a tarago, ba ruwansa da jiran jirgi a bakin teku balle ya yi ciniki da mai kwalekwale, kuma goro abu ne da ba ya son jinkiri, in ya bushe an yi asara. Zangonmu na Agege a haka ya cika. Mutane suka gina gida a bakin dogo, suka aurar da ’ya’ya a nan, yaran suka taso ba su taɓa riƙe filafili ba.

Babu wanda ya hana mu ruwa, ciniki ne ya janye mu a hankali har sanin ya ɓace. Yau ɗan Mile 12 zai kwashe awanni a gosulo kan hanyar Ikorodu alhali ga ruwa shimfiɗe a gefensa.

Ni dai ina goyon bayan samarin nan, amma don Allah su nemi tsofaffin matuƙa na Epe da Badagry su yi musu jagora, kowa ya sa rigar ruwa, kuma kada su tashi a tsakiyar damina.