Me ake nufi da "gurbin alfarma" a Olamfik?

Duk lokacin da aka fara Olamfik sai ka ji mai sharhi yana cewa wane ya shigo ne ta gurbin alfarma, wasu kuma su ɗauka ai sanayya ce ko cuwa-cuwa, alhali ba haka abin yake ba sam.

A ƙa'ida kafin ɗan wasa ya je sai ya cika sharaɗi, misali mai gudun mita 100 akwai lokacin da dole ya buga ko matsayin da zai kai a jerin duniya. To ƙasar da ba ta da ko mutum ɗaya da ya kai wannan matakin fa, shikenan ta zauna a gida ta yi kallo? Shi ne aka ware wasu kujeru ake ba irin waɗannan ƙasashe su turo gwaninsu ko da bai cika sharaɗin ba, an fi ganin haka a guje-guje da ninƙaya. A wasu wasannin kuma wani kwamiti ne mai ɓangare uku yake rabawa, kuma a gasar Paris ta 2024 an ware su ne ga ƙasashen da tawagarsu ba ta wuce kimanin mutum 8 ba a gasanni biyu da suka gabace ta.

Ɗauki Tuvalu, 'yan tsibirai ne a tekun Fasifik, mutanen ƙasar kaf wajen 11,000, faɗinta murabba'in kilomita 26 kacal. Sai 2007 kwamitin Olamfik na duniya ya amince da su, 2008 suka fara zuwa a Beijin da mutum 3, ɗaya mai ɗaga ƙarfe biyu 'yan gudu. A Rio 2016 kuwa mutum ɗaya tal suka kai, Etimoni Timuani, wanda asali ma ɗan ƙwallo ne, shi ya riƙe tuta shi ya yi gudun mita 100.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙasar ba ta da filin tsere irin na zamani. A Funafuti babban birninsu titin saukar jirgi shi ne filin wasa, da yake jirgi ba kullum yake zuwa ba, da yamma nan matasa suke taruwa ana ƙwallo ana gudu, in jirgi zai sauka a busa jiniya kowa ya watse. Yanzu don Allah ta yaya za ka ce yaron da ya taso a nan sai ya buga lokaci ɗaya da ɗan Jamaika ko Amurka kafin a bar shi ya shiga fili? Ni a ganina wannan gurbin haƙƙinsu ne.

Mutanen Nijar ma sun san shi, ta nan Hamadou Djibo Issaka ya je tseren kwale-kwale a Landan 2012 bayan atisayen 'yan watanni, ya zo na ƙarshe amma jama'a suka yi ta masa tafi har ya ƙarasa. Ita Tuvalu har yau ba ta ci lamba ko ɗaya a Olamfik ba, amma tun 2008 ba a yi gasar bazara ba tare da tutarta ba.