Wai wace shuka ce "money plant" ɗin nan?

Kwanan nan duk inda ka leƙa, Facebook ne ko TikTok, sai ka ji ana ta money plant money plant, wato shukar kuɗi, har a wani shirin rediyo na ji ana cewa a riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don ko tambayar wace shukar ake nufi ba wanda ya yi.

Sunan nan fa ba na shuka ɗaya ba ne. Akwai Crassula mai kaurin ganye 'yar asalin kudancin Afirka, ita ruwa a ganyenta take ajiyewa, ka bi shawarar safe da yamma sai saiwarta ta ruɓe. Akwai Pachira wadda ake kitsa karanta kamar gashi, akwai wata mai ganye zagaye kamar kwabo daga ƙasar Sin. Amma wadda aka fi ɗora hotonta ita ce mai yaɗon nan, ganye kamar zanen zuciya, kore da yarfin rawaya, wato pothos.

To ko pothos ɗin ma tsohon kuskure ne ya bi ta. A 1880 aka sa mata Pothos aureus ba tare da an ga furenta ba, su kuma masana da fure suke gane dangin shuka, sai aka yi ta canza mata gida, sai wajen 1962 aka samu furen aka duba, daga baya sunan ya tsaya a Epipremnum aureum. Asalinta tsibirin Mo'orea ne a tekun Pasifik. Don haka mai kiranta fulawa yana jiran ta yi fure a falo ya daina jira, kusan ba ta yi, ganyen ne adon.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan kuɗin nan ya sa ana sayenta don wai tana kawo arziki, a rataye ta a bar ta tana reto, an manta mahayiyar bishiya ce. Ka duba kowace gaɓa, gefen inda ganye ya fito, za ka ga ɗan tsiro ruwan ƙasa kamar ƙurji, saiwa ce take neman abin kamawa. A daji tana kama bishiya ta hau, ganye ɗaya ya kai kusan mita har ya tsattsage. Wadda ke ɗakunanmu yarinya ce da ba ta girma ba. Tawa da na kafa mata sanda naɗe da zaren ɓawon kwakwa ina ɗan jiƙa shi, sabbin ganyen suka fara fin tafin hannuna, reshen da na bari yana zubowa kuwa kullum ƙanƙancewa ganyensa yake.

Ruwa kuma ka tsoma yatsa a ƙasar, in saman ya bushe ka ba ta, tukunyar ta zama da huji a gindi. Kusa da taga take so amma ba a ƙarƙashin rana tsaka ba, in ka tura ta lungu mai duhu rawayan nan zai gudu ta koma koriya zalla. Sannan a ɗaga ta daga inda yara da kyanwa za su kai, ganyen yana ƙona baki in an tauna.