Yaƙin Cacar Baka: daga ina rigimar Amurka da Sobiyet ta samo asali?

Mene ne Yaƙin Cacar Baka?

Gaba ce tsakanin Amurka mai tsarin jari-hujja da Tarayyar Sobiyet mai bin kwaminisanci, daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa 1991. Su biyun ba su gwabza kai tsaye ba. Amma a daina cewa ba a zubar da jini ba, mutanen Koriya da Biyetnam sun ji a jikinsu.

Ba tare suka yaƙi Hitila ba?

Ƙawancen dole ne. A 1918 Amurka da Ingila sun tura sojoji Rasha, suna mara wa abokan gabar 'yan kwaminis baya. Sai a 1933 Amurka ta amince da gwamnatin Sobiyet. Shi kuma Stalin, shugaban Sobiyet, ya ƙulla yarjejeniya da Hitila a 1939, kafin Hitila ya juyo kansa a 1941. Da abokin gaba ya faɗi, tsohon zargi ya dawo.

To, aƙida ce kawai ta raba su?

A'a, kuma na gaji da wannan amsar ta malalata. Sobiyet ta yi asarar rayuka kusan miliyan 27, Amurka kuwa dubu 400 da 'yan kai. Ta Poland sojojin Jamus suka bi suka shiga Sobiyet, don haka Stalin ya ƙudurta ba zai yarda da gwamnatin da ba tasa ba a can. A taron Yalta na Fabrairun 1945 ya yi alkawarin zaɓe na gaskiya, bai cika ba. Amurka ta ce yaudara ce, shi ya ce tsaron gida ne.

Idan aka tambaye ni shekarar da ya fara, wacce zan rubuta?

Kwantar da hankalinka, masana ma ba su haɗu a kan shekara ɗaya ba. Ya danganta da abin da ka ɗauka mafari. In kalamai ne, sai ka ce Maris na 1946, lokacin da Churchill, tsohon firayim ministan Ingila, ya yi jawabi a garin Fulton na Amurka yana cewa labulen ƙarfe ya raba Turai. In manufa ce, 1947 ta fi ƙarfi: a Maris Shugaba Truman ya nemi majalisa ta ba da dala miliyan 400 don Girka da Turkiyya, a Yuni aka sanar da Shirin Marshall na tallafin Amurka, wanda ya zuba wa Turai kusan dala biliyan 13. Stalin ya ƙi, ya kuma hana Cekoslobakiya karɓa bayan ta riga ta amsa gayyata.

Ni dai zan ce 1947, amma da sharaɗin ka yi bayanin Jamus, don a can igiyar ta tsinke. Bayan yaƙi an raba Jamus yankuna: Sobiyet na riƙe da gabas, Amurka da Ingila da Faransa na riƙe da yamma. A taron Potsdam na 1945 an amince kowa ya ɗebi diyya daga yankin da yake riƙe da shi. Sobiyet za ta sami ƙarin kashi 25 cikin ɗari na injinan masana'antu da za a kwance a yankunan yamma: kashi 10 kyauta, kashi 15 musaya da abinci da kwal. Kayan musayar ba su zo yadda aka tsara ba, Amurka da Ingila suka koma ciyar da Jamusawa daga aljihunsu. A Mayun 1946 Janar Clay na Amurka ya tsayar da tura injinan. Kuɗin Jamus kuwa sun mutu, har karan sigari ya zama abin sayen burodi. Ranar 20 ga Yunin 1948 ƙasashen yamma suka fito da sabon kuɗi mai suna mak a yankunansu, aka fara ba kowane mutum mak 40, washegari kayan da aka ɓoye suka cika kantuna. Kuɗi biyu a ƙasa ɗaya, ai rabuwa ta riga ta faru. Wanda ya rubuta 1948 da wannan hujja, ba zan ce ya yi kuskure ba.

Me ya sa ta sama aka ciyar da Balin?

Saboda takarda. Balin tana can tsakiyar yankin Sobiyet, kilomita kusan 160 daga iyaka, amma ƙasashen yamma na riƙe da yammacin birnin. Babu rubutacciyar yarjejeniya kan titi da layin dogo, shi ya sa Stalin ya iya rufe su ranar 24 ga Yunin 1948. Amma hanyoyin sama guda uku an sa musu hannu tun 1945. Mota ana tare ta da shinge, jirgi kuwa sai an harbo shi, kuma wanda ya fara harbi shi ya tsokano yaƙi. Stalin ya buɗe hanya ranar 12 ga Mayun 1949; zuwa Satumba, da aka daina jigilar, jirage sun kai kaya tan miliyan 2.3, yawanci kwal. An riga an kafa NATO, ƙungiyar tsaro ta ƙasashen yamma, wata ɗaya kafin buɗe hanyar.